Rubuta Rayuwar Yaro a Waya: Riƙon Amana Ne ko Tonon Asiri?

 A wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wani sabon abu da ya shigo harkar rainon yara. Abin ya riga ya zama ruwan dare a ƙasashe irin su Ostireliya da Niyu Zilan da Ingila da Amurka, kuma ƙurarsa ta fara isowa manyan biranenmu. Wannan abu kuwa shi ne amfani da manhajar waya ko ta kwamfuta a gidajen raino da makarantun nazare, domin tsara abin da za a koya wa yaro da kuma rubuta abin da ya yi a wuni.

Ga yadda abin yake tafiya. Uwa ta ajiye ɗanta a gidan raino da safe ta wuce wurin aiki. Kafin ta zauna a kujerarta saƙo ya shigo wayarta cewa an karɓi yaro da ƙarfe 7:30. Da hantsi wani saƙon ya biyo baya: ya sha madara, an canja masa kunzugu, ya yi barcin minti 40. Da azahar sai ga hotonsa yana ɗora 'yan katakan wasa ɗaya a kan ɗaya. A ƙasan hoton malama ta rubuta cewa yau ya ɗora biyar ba su rushe ba, ta danganta wannan da sashen tsarin karatun ƙasarsu da ke magana a kan ƙwarewar hannu da ƙirga, sannan ta rubuta abin da za ta shirya masa gobe. Haka za a yi ta tarawa kullum, kafin yaro ya shekara uku ko huɗu a wurin sai ki ga an haɗa kundi guda na ƙuruciyarsa.

Kamfanoni da yawa ke sayar da irin wannan manhaja. Akwai Storypark ta Niyu Zilan, da Tapestry ta Ingila, da Famly ta Denmak, da Brightwheel ta Amurka, kuma dukkansu sun fito ne bayan shekarar 2010, lokacin da wayar zamani ta shiga hannun kowa. A nan gida ba kowace makaranta ke da ƙarfin biyan kuɗinsu ba, amma zauren WhatsApp na iyayen aji yana yin rabin aikin: anti ta ɗauki hoto ta tura, iyaye su yi ta sa albarka. Saboda haka maganar ta shafe mu, ballantana 'yan'uwanmu da aure ko karatu ya kai su Turai.

Tambayar da muke so mu yi wa kanmu guda ɗaya ce: wannan rubutu da ake ta yi a kan yaro, wa ake yi wa shi? Yaro amana ne a hannun iyayensa, kuma idan suka miƙa shi ga mai raino sun ba ta riƙon wannan amanar na 'yan sa'o'i. Shi bai iya karatu ba, ba a nemi izininsa ba, ba shi da bakin da zai ce kada a ɗauke ni hoto. Idan don amfaninsa ake rubutun, to ya shiga cikin riƙon amana. Idan kuwa don a burge iyaye ne, ko a gamsar da masu duba makarantu, ko a cika aljihun kamfani, to lallai da sake.

Abin ya girmi waya

Tun kafin a san za a yi wayar hannu, masana rainon yara sun gane amfanin a zauna a lura da yaro a rubuta abin da aka gani. A shekarar 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, mutanen wani ƙauye kusa da garin Reggio Emilia a arewacin Italiya, mata a kan gaba, suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da motocin da sojojin Jamus suka bari, suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami mai suna Loris Malaguzzi ya ji labari ya zo ya haɗa kai da su. Daga nan aka samu tsarin koyarwa da ya shahara a duniya. Ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne malamai su saurari yara, su rubuta maganganunsu kamar yadda suka faɗa, su adana zane-zanensu, sannan su zauna tare su yi nazari: me yaran nan suke ƙoƙarin fahimta? Daga amsar da suka samu ne suke fitar da aikin gobe.

A Niyu Zilan kuma, a shekarar 1996 aka fitar da tsarin karatun ƙananan yara mai suna Te Whāriki, wato saƙaƙƙiyar tabarma a harshen Mawori, 'yan asalin ƙasar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, Farfesa Margaret Carr, ita da abokan aikinta suka fito da abin da ake kira labaran koyo, ta kuma wallafa littafi a kansa a 2001. Maimakon a ɗauko fom a yi ta sa maki, ya iya ko bai iya ba, sai malama ta rubuta ɗan gajeren labari a kan wani abu da ta ga yaro ya yi. Matakai uku ne: ta lura, ta gane abin da ake koya a ciki, sannan ta shirya abin da zai kai yaron gaba.

A ce misali yarinya 'yar shekara uku tana ta ƙoƙarin goya 'yar tsanarta, zanen yana kwancewa. Ta yi sau shida ba ta yi kuka ba, sai ta je ta tsaya tana kallon yadda wata ta ɗaure nata, ta dawo ta sake gwadawa har ya zauna. Mai wucewa zai ce wasa take yi. Malamar da ta nutsu kuwa za ta ga juriya, ta ga yarinya mai koyo daga na kusa da ita, gobe ta kawo mata igiyoyi da maɓallai ta ci gaba. Irin wannan labari ana karanta wa yarinyar da kanta, ana ba iyaye su ƙara nasu.

Kin ga ke nan asalin abin lura ce, 'yar'uwa. Rubutu ya shigo ne don ya tilasta wa babba ya nutsu ya kalli yaro da kyau. Mu ma muna da misalin haka a gida. Dubi makarantar allo. A rubuta wa yaro, ya yi ta biyawa har karatun ya zauna masa, sai a wanke a rubuta na gaba. Babu malamin da ya taɓa auna karatun almajirinsa da yawan tawadar da ya ƙarar. Da zarar karatu ya shiga ƙirji, rubutun ya gama aikinsa.

Alherin da ke ciki

Adalci ya sa mu faɗi alherin abin kafin mu taɓo matsalarsa. Addininmu ya girmama rubutu, har ya yi umurni a riƙa rubuta bashi don kada mantuwa ko son zuciya su ɓata tsakanin mutane. Mai raino da ke kula da yara da yawa ba za ta iya riƙe komai a ka ba. Ga yaron da ke shan magani sau uku a rana. Ga mai cutar sikila da ake so ya riƙa shan ruwa a kai a kai, a kuma lura da zafin jikinsa. Ga wanda gyaɗa ko ƙwai ke tayar masa da borin jini. Idan an rubuta waɗannan a wuri ɗaya, ko malamarsa ba ta zo ba wadda ta karɓe ta za ta gani. Wannan kaɗai yana iya tsare rai.

Haka nan yaron da ya wuce shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. A gida ana iya cewa ai haka babansa ya yi, a yi ta jira. Amma bayanin wata da watanni da malama ta rubuta yakan sa a farga da wuri a kai shi asibiti, likita kuma ya samu abin da zai duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan ga kwanciyar hankalin uwa. Nas da ke kan aiki, malamar makaranta, 'yar kasuwa da ke shago, kowace jikinta na wurin aiki amma zuciyarta na wurin ɗanta. Saƙo ɗaya cewa ya daina kuka ya ci abinci ya isa ya sa ta yi aikinta da nutsuwa. Maigidan da aiki ya kai shi wani gari shi ma yana ganin yadda ɗansa ke girma. Duk wannan alheri ne, babu mai musu.

Hannun da ke riƙe da waya

To, inda gizo ke saƙar shi ne, mai raino hannu biyu gare ta da ido biyu. A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu, sannan ga 'yan shekara biyu an mayar da shi babba ɗaya ga yara biyar tun watan Satumba na 2023. A nan wajenmu kin san sau da yawa yaran da ke gaban anti ɗaya sun fi haka nesa ba kusa ba. A ɗauka malama tana da yara 10, shugabar makaranta ta ce kowane yaro sai an tura wa iyayensa hoto da bayani kullum. Idan kowanne ya ci mata minti 6, awa guda ke nan cur. Daga ina aka ciro wannan awar? Ko dai daga lokacin yaran, ko daga ɗan hutunta, ko kuma ta tafi da aikin gida ta ci haƙƙin nata iyalin.

Kada ki raina wannan awar. A shekarun 1970 wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya yi wani gwaji da ya shahara. Uwa tana wasa da jaririnta, tana yi masa murmushi yana mayar mata, sai a ce ta tsayar da fuskarta cak na ɗan lokaci, ba fara'a ba magana. Nan take jariri zai fara neman dawo da ita: ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in bai samu amsa ba ya kau da kai ya fashe da kuka. Da uwar ta saki fuska sai su shirya. Abin da gwajin ya nuna shi ne yaro yana ginuwa ne a kan amsawa, ya yi motsi a amsa masa, ya yi gwaranci a mayar masa. Ɗan tsaiko ba ya cutarwa idan an dawo. Amma fuskar da ta duƙufa a kan waya tana rubutu ta yi kama da waccan fuskar da aka tsayar, kuma idan hakan ya zama aikin kullum, asarar a kan yaro take.

Turawan ma sun farga. A Ingila an daɗe ma'aikatan raino suna kukan cewa tara shaidar aiki ya cinye aikin kansa. Da aka gyara tsarin karatun ƙananan yara na ƙasar a watan Satumba na 2021, ɗaya daga cikin manyan dalilan gyaran shi ne rage yawan rubuce-rubuce, don malamai su samu lokacin zama da yara. Wato waɗanda suka riga mu shiga sun fara ja da baya, mu kuwa yanzu muke ɗaura ɗamarar shiga da gudu.

Yanzu kuma wasu kamfanonin sun sa ƙirƙirarriyar basira a cikin manhajojinsu. Malama ta jefa 'yan kalmomi, na'ura ta fitar mata da labari mai daɗin karantawa. Babu shakka yana rage wahala, musamman ga wadda Turanci ke ba ta wuya. Amma ki tuna amfanin rubutun tun farko yana cikin tunanin da malama ke yi kafin ta sa alƙalami, tana tambayar kanta: me na gani a wurin yaron nan? Idan na'ura ta ɗauke mata wannan tunanin, uwa za ta karanta ta ji daɗi, alhali wataƙila ranar babu wanda ya tsaya ya lura da ɗanta. Garin neman gira an rasa ido.

Yaron da ya saba da kyamara

Akwai wata ɓarna kuma da ba a saurin ganinta. Me ake ɗauka a hoto? Fuska mai dariya da aikin da aka gama. Ba a ɗaukar hoton yaron da ya tsuguna minti 10 yana kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero, alhali wataƙila shi ne ya fi kowa karatu a ranar. Sannu a hankali sai makaranta ta fara zaɓen ayyukan da ke kyau a hoto. Anti ta yanka furen takarda guda 20 da daddare, da safe kowane yaro ya manna nasa, a jera su a ɗauka. Iyaye su ce masha Allah. To me yaron ya koya, ban da manna abin da wata ta yanka?

Shi ma yaron yana karantar mu. Idan duk sanda ya yi abin kirki sai an ɗaga waya, zai taso da fahimtar cewa abin kirki shi ne wanda aka gani. Sai ki ga yaro ya miƙa wa ɗan'uwansa biskit, ya juyo yana cewa, "Anti, ɗauke ni!" Mu da muke fatan 'ya'yanmu su tashi da yin abu don Allah, ko ana kallo ko ba a kallo, ya kamata wannan ya dame mu. Riya ba rana ɗaya take shiga zuciya ba, shuka ta ake yi.

Mu iyaye ma ba mu tsira ba. An turo hoton ɗan wance ya rubuta sunansa, sai hankalin uwargida ya tashi, ina nawa? Gobe da sassafe tana ofishin shugabar makaranta. Malama kuma don ta zauna lafiya sai ta kama hannun yaro ta rubuta, ta ɗauki hoto ta tura. Alhali kowane yaro da lokacinsa. Wani ya yi tafiya yana wata 10, wani sai wata 15, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Iyayenmu na da ba sa baza baiwar ɗansu a gaban jama'a, wasu don kunya, wasu don gudun baki. Ko me mutum zai ce game da dalilinsu, sun tsare yaro daga zama abin gasa tsakanin manya.

Alƙalamin da ba ya mantuwa

A nan ne muke so 'yar'uwa ta fi nutsuwa. Sanannen abu ne a addininmu cewa ba a rubuta wa yaro zunubi har sai ya balaga. Wannan rahama ce babba. An ba shi shekaru ya yi kuskure, a gyara masa, ya sake yi, a sake gyarawa, ba tare da an buɗe masa littafin laifi ba. To mu kuma sai muka kawo wani alƙalami da ke rubuta komai tun yana cikin zanen goyo.

Ya ciji wani yaro. Ya yi fitsari a wando yana ɗan shekara huɗu. Ya ɗauki abin wasan wani ya ɓoye a jakarsa, aka tambaye shi ya ce bai gani ba. Uwa takan ga irin wannan ta tsawata, bayan sati ta manta. Kaka kuwa abin dariya za ta mayar da shi. Wannan mantuwar tana cikin abin da ke ba yaro damar zama sabon mutum kowace safiya. Manhaja ba ta mantuwa. Abin da aka rubuta ranar da malama ta gaji, yaro kuma yana fama da haƙori, yana nan da kwanan wata da sa'a. Idan ya wuce aji na gaba, sabuwar malama takan karanta fayil ɗinsa kafin ta ga fuskarsa. In ta tarar an rubuta mai taurin kai ne, ko ba ya zama wuri ɗaya, da wannan idon za ta kalle shi, yaro kuma yakan zama abin da manya suka ɗauke shi.

Ba muna cewa a ɓoye wa iyaye gaskiya ba ne. Idan yaro ya ji ciwo ko ya ji wa wani, dole a gaya wa iyaye, kuma ya kamata a rubuta. Maganar ita ce yaya aka rubuta, wa zai gani, kuma har yaushe za a ajiye. Akwai bambanci tsakanin a ce yau ya ture ɗan'uwansa a wurin lilo, mun zauna da shi mun yi magana, da a ce yaron nan mugu ne. Na farko labarin rana ɗaya ne, na biyu tambari ne aka buga masa. An hore mu da rufa asirin ɗan'uwa, to wane ɗan'uwa ne ya fi cancantar a rufa masa asiri fiye da wanda ba zai iya kare kansa ba?

Kuma ba asirin yaro kaɗai ke ciki ba, har da na gidanku. A cikin manhajar akwai adireshi, da lambobin waya, da cutar da yaro ke da ita, da sunan wanda aka yarda ya ɗauke shi da wanda aka hana. Yaro kuma ba ya riƙe magana. In ya ce jiya Abba da Umma sun yi faɗa, malama mai rubuta maganganun yara za ta iya sa shi a ciki da kyakkyawar niyya.

Ina hotunan suke kwana?

Da yawanmu mun ɗauka hoton yana cikin wayar anti ne da tamu. A'a. Yana cikin rumbun ajiyar kamfani a intanet, sau da yawa ma a wata ƙasa. A shekarar 2022 wasu masu bincike a Jamus suka duba irin waɗannan manhajoji guda 42 na Turai da Amurka. Suka tarar 8 daga ciki suna da ɓaraka babba, irin wadda za ta iya ba baƙo damar ganin hotunan yara. A cikin 40 kuma suka tarar ana tattara bayanan iyaye da malamai masu amfani da su.

A watan Satumba na 2025 masu kutse suka sace bayanan yara kimanin 8,000 na wani rukunin gidajen raino mai suna Kido da ke da rassa a Landan, har da sunaye da hotuna da adireshi. Suka wallafa na wasu yaran a intanet suna neman kuɗin fansa, har suka riƙa kiran wasu iyaye a waya. Da mutane suka yi musu caa sai suka ce sun goge. Amma wace uwa ce za ta yi barci a kan alkawarin ɓarawo?

Hukumomi sun fara ɗaukar mataki. A Ostireliya an fitar da ƙa'ida a 2024 cewa da na'urar makaranta kawai za a riƙa ɗaukar hoton yara, a 2025 kuma aka ɗauki matakin hana ma'aikata riƙe wayoyinsu na kansu yayin da suke tare da yara. Faransa ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton ɗansu. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ko mai riƙo za a tattara bayanan yaro. Wato doka ma a hannunki ta sa makullin, saura ki san abin da kike sa wa hannu.

Zauren WhatsApp na aji kuwa ya fi kowanne sakaci. Hoto ɗaya ya shiga wayoyi 30 ko 40, kowace waya tana da masu taɓa ta. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka. Sannan hoton da aka turo miki ɗanki yana ciki, amma akwai 'ya'yan wasu mata huɗu a gefensa. In kika ɗora shi inda duniya za ta gani, kin yi kyauta da amanar da ba taki ba.

Me ya kamata uwargida ta yi?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu ce a jefar da manhaja ba, cewa muka yi a mayar da ita matsayinta. Ga 'yan shawarwari, ki tattauna su da maigida:

1. Kafin ki sa hannu a takardar makaranta ki yi tambaya. Wa ke ganin bayanan ɗana? Ina ake ajiye su? Idan mun bar makarantar za a ba mu namu a goge sauran? Makarantar kirki ba za ta ji haushin tambayar ba.

2. Ki gindaya iyaka a rubuce. Ban da hoton wanka, ko bayan gida, ko canja kaya, ko lokacin da yaro ke kuka. Kuma kada a sa fuskarsa a tallar makaranta sai da yardarku.

3. Ki sauke wa malama nauyi. Ki gaya mata labari ɗaya mai ma'ana a sati ya fi miki hotuna goma a rana. Ranar da ba ki ga hoto ba kada ki ɗauka an yi watsi da ɗanki, wataƙila hannunta biyu suna riƙe da shi ne.

4. Idan kin je ɗaukar yaro ki tsaya minti biyar ku gaisa da malamarsa, ki tambaye ta yadda ta gan shi. Gani ya kori ji, kuma akwai abin da fuska ke faɗa wanda saƙo ba ya ɗauka.

5. Abin da kika karanta ki mayar da shi mabuɗin hira da ɗanki. Ki bar shi ya ba ki labarin wuninsa da bakinsa, ko da kin riga kin sani. Abin da ya fi damunsa ko ya fi faranta masa rai sau da yawa ba shi ne aka ɗauka a hoto ba. Idan ya fara wayo ki riƙa tambayarsa kafin ki nuna wa wani hotonsa, don ya san jikinsa da sirrinsa suna da daraja.

6. Ki sa kalmar sirri mai ƙarfi, kada ki raba ta. Hoton da ke da ɗan wata kuma ya tsaya a wayarki.

7. 'Yan'uwa masu makarantu da gidajen raino, ku ware wa malamai lokacin rubutu daban, a cikin sa'o'in aikin da ake biyansu. Ku tanadi na'urar makaranta. Ku koya musu rubuta abin da yaro ya yi ba tare da yanke masa hukunci ba, ku kuma sa ranar da za a goge abin da ya gama amfani.

A ƙarshe, 'yar'uwa, duk sanda saƙo ya shigo wayarki daga makaranta, ki auna shi da wancan ma'auni: wannan ya ƙara wa ɗana wani abu? Ya sa malamarsa ta fi saninsa, ya sa ni na fi fahimtarsa? In haka ne ki gode wa Allah, ki kuma gode mata. In kuwa kin ga hotuna suna yawa amma babu wanda zai iya gaya miki abin da ɗanki ke tsoro da abin da yake so, to ki yi magana, domin ke za a tambaya a kan amanarsa kafin a tambayi kowace makaranta.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa tafarki nagari, Ya rufa musu asiri duniya da lahira, Ya saka wa masu rainon 'ya'yanmu da alheri, Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalamu alaikum.